Shekara Takwas Bayan Dakta Rabi, Wani Dattijo Ya Zo Nemanta

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanwata, Dakta Rabi. Duk kaka, idan masara ta fara sauka a kasuwar Funtua, nakan tuna ta, in yi mata addu'a, in yi shiru. Ban taɓa rubutu a kanta ba. Abin da na gani bana ne ya hana ni shirun.

Ni ne babba a gidanmu, ita ce auta. Mahaifinmu ya rasu tana firamare, riƙonta ya dawo hannuna, ina noma ina sayar da taki. Ta yi karatun likita, ta ƙware a ciwon zuciya, ta yi aure har da 'ya'ya biyu. Ni a ganina karatu ya kai ƙarshe. Sai ga ta wata rana ta ce an ɗauke ta wani horo na shekara biyu a Indiya, wanda sai likitan da ya riga ya ƙware a zuciya ake ɗauka.

Na ce, "Rabi, ba kin zama likitar zuciya ba? Saura me kuma?"

Ta ce, "Yaya, zuciya tana da wata wuta da ke sa ta bugawa. Wani tasa takan yi gudu fiye da ƙima, wani kuma ta yi nawa har ya yanke jiki ya faɗi. A ƙauyukanmu sai a ce farfaɗiya ce ko iska. Gyaran wutar nan zan je in koyo, masu yin sa a ƙasar nan ba su da yawa."

Mijinta ya amince, yaran suka dawo wajen maiɗakina. Idan ta bugo waya takan ce wuni suke a tsaye cikin rigar dalma mai nauyi, suna zura siririyar waya ta jijiya har cikin zuciyar mutum. Ta dawo a rame, da ciwon baya. An so ta zauna can, ta ƙi. Ta kama aiki a wani babban asibiti a birni, ta fara koya wa ƙananan likitoci biyu abin da ta koyo, tana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shekara guda da 'yan watanni kawai ta yi. Tana kan hanyar zuwa suna a Malumfashi, kusa da Kafur, tayar wata babbar mota mai ɗauke da masara ta fashe, motar ta yo kansu. Ina gona aka kira ni. Na tsaya riƙe da waya ina ta tambayar mai maganar wace Rabi yake nufi.

Na ɗauka babu abin da zai ƙara girgiza ni kamar wannan rana. Ashe da saura.

Watan jiya, da hantsi, aka yi sallama a zaurena. Wani dattijo ne dogo, makiyayi, ɗansa na riƙe da hannunsa. Ya ce sunansa Malam Buba, asalinsu wajen Dayi ne, ɗan kuma Umaru. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, nan ne gidan su Dakta? Ta taɓa faɗa mini ita 'yar Funtua ce, yayanta na sayar da taki. Da tambaya muka iso."

Kafin in ce wani abu ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, ƙasan kafaɗar hagu. Na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin fata, bai kai akwatin ashana ba. Na'ura ce mai batir da ke daidaita bugun zuciya. Rabi ce ta sa masa lokacin da yake yawan faɗuwa a wajen kiwo. Ta gargaɗe shi ya riƙa zuwa ana duba ta, domin batirin zai ƙare wata rana. Amma rashin zaman lafiya ya sa suka kora shanunsu kudu mai nisa, shi kuma ya ji garau, bai sake waiwayar asibiti ba. Yanzu jiri da faɗuwar sun dawo.

Na rasa ta inda zan fara. Da na faɗa masa Rabi ta rasu, sai ya saki hannuna a hankali, ya yi salati. Can ya ce, "To yanzu wa ya san abin nan?"

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, asibitin na nan. Washegari na kai su da kaina. Gani ya kori ji. Wani matashin likita da ya san Rabi tun yana ɗalibi ya karɓe mu da mutunci, ya auna bugun Malam Buba, fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe ya ce tun rasuwarta ba a sami wanda ya maye gurbinta ba. Likitoci biyun da ta fara koya wa sun tafi irin horon da ta je, ba su dawo ba. Ya nuna mini ɗakin da take aiki: a kulle, na'urorin an lulluɓe su da ƙyalle. Shekara takwas! Ni ina nan a Funtua ina zaton aikinta na tafiya, ashe tare muka binne su.

Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ba Malam Buba gado, ya yi ta buga waya har aka sami wani asibiti mai nisa da zai canza batirin, amma sai a bi layi. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa. A wannan karon ta hana. Ana gab da tafiya na je duba shi, yana zaune a bakin gado yana ba ni labarin yadda Rabi ta yi masa faɗa ta ce kada ya ɗaga sanda sama da kafaɗa sai ɗinki ya warke. Yana cikin magana ya yi shiru, kansa ya langaɓe. Aka yi ta danna ƙirjinsa, rai ya riga ya yi halinsa.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Rabi za ta leƙo ta ga ɗakin nan a kulle, me za ta ce? Na san ba za ta zagi waɗanda suka tafi ba, ta san wahalar da suke gudu. Ba ta da hayaniya. Ina jin makulli kawai za ta tambaya, sannan ta tambayi dalilin da har yau sai an ƙetare teku kafin ɗanmu ya koyi wannan aiki, da dalilin da mutuwar mace ɗaya a kan titi za ta rufe ƙofa ga jama'a masu yawa haka.

Da na je ta'aziyya, Umaru ya ce mini, "Alhaji, kada ka damu kanka. A sanadinta Baffa ya aurar da ƙannena, ya ga jikoki, ya sauke farali. Kwana ne ya ƙare."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sanyaya mini rai. A da ina ganin abin da Rabi ta bari shi ne 'ya'yanta biyu da kyakkyawan suna. Yanzu na san akwai mutane a gonakin Mahuta, ko a kasuwar Malumfashi, da ke yawo da aikin hannunta a ƙirjinsu. Ban san su ba, ban san yawansu ba, amma na san an sa musu a kusan lokaci ɗaya da Malam Buba.

Don haka nake roƙon mai karatu: idan kana da uwa, ko uba, ko maƙwabci da aka sa wa batirin zuciya shekarun baya, kada ka jira ya fara faɗuwa. Kai shi a duba shi tun yana tafiya da ƙafarsa. Allah ya jiƙan Rabi da Malam Buba, ya sa namu ya yi kyau.