Kalmar Sirrin da Baba Ya Ƙi Faɗa Mini

Kome daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta da rigimar da muka sha da kwamfutar mahaifina a gidanmu na unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe. Shekaru sun ja yanzu, amma duk sanda na tuna sai na kama kaina ina murmushi ni kaɗai.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, bayan ya yi ritaya kuwa kwamfutar nan ta zama abokiyar hirarsa. A cikinta yake karanta labarai, a cikinta yake musayar saƙo da tsofaffin abokansa. Kwatsam sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Yana asibiti, ko magana ba ya iya yi, likita ya nemi sakamakon wasu gwaje-gwajensa na baya, su kuma suna cikin kwamfutar. Babu wanda ya san kalmar sirrinta, don haka na kai ta wurin wani mai gyara a bakin Kasuwar Gombe, ya sa mata sabuwa, na ciro takardun.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya dawo gida. Bakinsa ya buɗe, sai dai hannun dama ya ƙi, na hagu kuma rawa yake yi. Ni na zama hannunsa: in zauna kusa da shi, yana faɗa ina dannawa. To, a nan matsalar ta ɓullo. Da zarar na shiga da sabuwar kalmar, sai wani ɗan akwati ya fito a allo yana neman kalmar sirrin ma'ajiya. In sa sabuwar, ya ƙi. In kore shi, ya dawo. Mu buɗe imel, ga shi. Mu nemi intanet, ga shi. Duk sanda na tambayi Baba tsohuwar kalmar, sai ya kawar da kai ya ce in dai kore shi kawai.

Abin da ya fi damuna ba akwatin ba ne. Likita ya gargaɗe mu cewa irin wannan ciwo yakan taɓa tunani, sai na fara zargin Baba ya manta ne yake ɓoyewa. Na riƙa gwada shi da dabara, in tambaye shi sunan wani ɗan'uwa ko garin da ya fara aiki, ya amsa daidai, yana kallona da mamaki. Amma kalmar nan, shiru.

Na koma wurin mai gyaran. Ya yi mini bayani cewa kwamfutar tana da wata ma'ajiya da take adana duk kalmomin sirrin da mai ita ya taɓa amfani da su, kuma da tsohuwar kalmar aka kulle ta. Shi ƙofar waje kawai ya canza wa makulli. Hanya biyu ce: ko a samo tsohuwar a buɗe ma'ajiyar a daidaita ta da sabuwar, ko a share ta gaba ɗaya. In an share, akwatin zai daina fitowa, amma kalmar imel ɗin Baba za ta tafi, layin wayar da aka buɗe imel ɗin da shi kuwa ya daɗe da ɓata, don haka babu hanyar sake shiga. A cikin imel ɗin nan akwai saƙonni da hotunan ƙaninsa da ya rasu.

Da la'asar na zauna na faɗa wa Baba duk wannan, a hankali, ina lallashinsa cewa mantuwa ba abin kunya ba ce. Ya saurare ni har na gama. Can ya yi gyaran murya.

"Uwata, ban manta ba," ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Buɗe wurin da ake rubutawa, ki kira mini innarki, ke kuma ki ɗan ba mu wuri."

Inna ta fito daga kicin tana goge hannu, tana cewa ita ina ta san kan wannan na'ura. Na nuna mata inda haruffa suke, na fita na tsaya a tsakar gida. Ina jiyo muryar Baba ƙasa-ƙasa, da ƙarar maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai. Sai ƙarar ta tsaya. Na ji Inna ta ce, "Haba, Malam," cikin wata irin murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Da suka kira ni, ma'ajiyar ta buɗe. Baba ya tsura wa bango ido kamar bai san abin da ake ciki ba, Inna kuwa ta rufe baki da gefen mayafi, idanunta sun ciko. Na daidaita kalmomin kamar yadda mai gyaran ya koya mini, na kashe na kunna, akwatin bai sake fitowa ba.

Daga baya na bi Inna kicin ina ta naci. Ta ce wani suna ne da yake kiranta da shi tun tana amarya, rabonta da jin sa tun kafin a haife ni, har ta ɗauka ya manta da shi. Ashe kullum da safe sai ya rubuta shi da hannunsa. Sunan kam ta ƙi faɗa, har yau kuwa ban san shi ba.

Na taso a gidan da ban taɓa jin iyayena sun kira sunan juna ba, na daɗe ina ɗaukar zamansu na haƙuri ne kawai. Ranar nan ta koya mini cewa in babba ya yi shiru, kada in yi saurin yanke cewa ya manta ko bai damu ba. Akwai abin da mutum yake riƙe da shi da kyau, kunya ce kawai ta hana shi furtawa a gaban 'ya'yansa.