Evlambia da Sunan Jikarta

Evlambia matar Pandelis ba ta taɓa son sunanta ba, amma ba wanda ya san haka a Lefkopetra, ƙauyensu da ke maƙale a jikin dutse can sama da birnin Yannina. Sunan kakarta ne, uwar babanta, kuma da yake ita ce 'yar fari, shi ke jiranta tun tana ciki. Mutanen gari suka raba su biyu, Evlambia babba da Evlambia ƙarama. Da ƙafafun tsohuwar suka mutu, ba a tsaya wata shawara ba, aka naɗe shimfiɗar yarinyar aka kai ɗakin takwararta. Ƙannenta mata biyu suka girma suka tafi Jamus aikin masana'anta. Ita kuwa ranar da malamar makaranta ta tako har gida ta roƙi a bar ta ta je birni koyon aikin jinya, kakar ta ɗago kai daga matashi ta ce ai yarinyar ta daɗe tana jinya, kuma sunanta ba zai bar gidan nan ba muddin tana numfashi. Ta yi ta numfashi kuwa, har lokacin karatu ya wuce. Da ta rasu ta bar wa ƙarama gidan da tukunyar dafa madara. Pandelis mai tumaki ya aure ta, ya shigo ya zauna.

Haka rayuwa ta miƙa, tatsar tumaki da sassafe, cuku cikin ruwan gishiri, coci ranar Lahadi. Ɗansu ɗaya, Fotis, ita ta tasa shi gaba sai da ya tafi Atina ya koyi aikin lantarki. A can ya auri Ismini, 'yar birnin Volos, mai aiki a kantin magani. Sai kamfaninsu ya rufe, Pandelis kuma ya fara ciwon baya, Fotis ya kwaso kayansa da matarsa mai tsohon ciki ya dawo ya karɓi garken.

Aka haifi mace bayan bikin Ista, aka sa baftisma a watan Agusta. Kafin nan kowa jaririya yake ce mata, ko da yake duk gari ya san sunan da ke tafe. Wata Lahadi suna cin abincin rana Fotis ya ajiye cokali ya ce sun yanke shawara: Danai ne sunan farko. Amma limamin coci ba zai yarda ba sai an haɗa da sunan waliyyiya, don haka na biyu zai zama Evlambia.

Da ta ji Danai sai ƙirjinta ya buɗe kamar an cire mata dutse. Kafin ta gama jin daɗin, na biyun ya faɗo.

Pandelis ya ture faranti. "Danai kuma mene ne, maganin tari? Uwarka da ta haife ka za ka ɗaura a baya kamar buhu a gindin jaki?"

Ismini ta sunkuyar da kai. Evlambia ta tashi ta ce gahawa za ta ɗora. Tana tsaye gaban murhu tana tunani. Ta san garinsu sarai. A rubuta suna goma a takardar coci, ba bakin da zai juya ya ce Danai. Yarinyar za ta tashi a gidan nan, a ɗakunan nan, ana kiranta da abin da aka kira ta.

Washegari maƙwabciyarta Stamatia ta shigo da ƙwai a gefen zane, wai jaje ta zo yi. Ta ce an dai ba ta kujerar baya, amma ta kwantar da hankalinta, su za su gyara abin da bakinsu.

Evlambia ta fara da ɗanta. Ta same shi yana gyaran shinge, ta ce me zai hana a sa sunan uwar Ismini, Hrisanthi, ai ya fi daɗin faɗa a bayan Danai. Fotis ya share gumi ya ce ta yi wa Allah kada ta yi musu haka, sun san ranta ya ɓaci. Ta rantse ba haka ba ne. Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai ɓoye ciwo.

Sai ta jira ranar da suka rage su biyu da surukarta suna murza ƙullin pita, wani irin gashin fulawa nasu, jaririyar na barci a kwando.

"'Yata, ku cire sunana. Ku sa mata wani, kowanne ne."

Ismini ta tsaya da sandar murzawa a hannu. Ta ce ita fa sai da ta yi faɗa da uwarta mahaifiya a kan wannan suna, har yanzu ba ta ɗaukar wayarta. "Mama, me na yi miki? Ni ce ba kya so, ko yarinyar?"

Bayanin yana nan a bakin Evlambia, amma ta rasa ta inda za ta kama shi. Hoton kakarta, Evlambia babba, na rataye a saman ƙofa, cikin baƙin ɗankwali. Rufin da ke kansu duka nata ne. Kuma ta yaya mace za ta ce rayuwar da ta yi da mijinta, ta haifi mijin wannan yarinyar a cikinta, ba ita ta so ba? Abin da ya iya fitowa kawai shi ne suna ne mai nauyi. Ismini ta wanke hannu ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki.

Da yamma Fotis ya zo ya durƙusa kusa da kujerarta, idonsa ja. Ya ce sun yi magana, sun ga kuskurensu. Za su juya: Evlambia a gaba, Danai a baya.

Nan ta ga inda ta kai kanta. Ta kama hannunsa ta ce kada ya kuskura, tsufa ne ya sa ta faɗi shirme, yadda suka tsara tun farko ya fi mata komai. Ta je ta rungumi Ismini ta ba ta haƙuri. Pandelis da ya fara murna, ta ce masa in ya ƙara tsoma baki zai dafa wa kansa wake har Kirsimeti. Ta zauna ta yi wa tawul ɗin baftisma ado da zare, sunaye biyu a jere, ta riƙa nuna wa duk wanda ya shigo.

Ranar biki coci ya cika har waje. Uban baftisma, wanda ya tsaya wa yarinyar, ya faɗi sunayen biyu da ƙarfi, aka shafa wa yarinyar mai, aka tsoma ta a ruwa tana tsala ihu. Tun ba a gama sa mata riga ba Stamatia ta matso ta yi tofin korar baki, ta ce Allah ya raya Evlambia ƙarama. Tsofaffin mata suka amsa. Evlambia ta yi murmushi ta karɓi gaisuwa, ta raba alewar almon, ƙwaya mai kama da gyaɗa.

Yarinyar ta shiga shekara ta huɗu yanzu. Ismini ta sami aiki a wani kantin magani a Yannina, tana fita da safe sai yamma, don haka yarinyar a hannun kakarta take wuni. Duk Lefkopetra mutum biyu ne ke ce mata Danai, uwarta da kakarta, kuma idan an kira ta da shi a waje takan yi jim kafin ta waiwayo. Mutane na cewa tsohuwar ba ta huce ba har yau, shi ya sa ba ta iya furta sunanta a kan jikar.

Duk wanda ya zo daga birni, Evlambia sai ta tambaye shi ko ana neman mai aikin lantarki, ta kawo wa Fotis labari, ko ya fitar da yarinyar daga ƙauyen. Shi kuma ya ɗauka ƙuncin gida ne ya ishe ta, hayaniyarsu ta yi mata yawa. A bazarar nan ya kawo yashi da bulo, ya fara ɗora musu ɗaki biyu a saman gidan.