Wutsiyar Idon Doña Eulogia

A garin Bécal, duk gidan da ake saƙar malafa yana da kogon da aka haƙa cikin ƙasa a bayansa, don kabar ba ta lanƙwasuwa sai cikin danshi, a sarari karyewa take yi. A kogon gidansu Doña Eulogia Canché ta yi ƙuruciya, a ciki ta yi furfura. A hannun damanta kullum Fidencia ce, ƙawarta tun suna 'yan mata. Saƙa ba ta barin mutum ya ɗaga kai, saboda haka hirarsu da faɗansu duk da wutsiyar ido ake yi. Ko baki Fidencia ta taɓe, Eulogia ta gani.

Ciwon suga ya daɗe a jikin Eulogia, ita kuwa ba ta taɓa rabuwa da lemon kwalba ba, ɓoyewa kawai ta koya. Wata safiya ta ga baƙin zare a kan malafar da take saƙa. Ta yi ta tsincewa, ya ƙi fita.

"Ke, me kike tsinta? Kwarkwata?" in ji Fidencia.

"Zare mana, ba ki gani?"

"Ni ban ga komai ba sai haukarki."

A asibitin birnin Mérida likita ya daɗe yana leƙa idon, sannan ya ce, "Mama, wasu jijiyoyi ne marasa ƙwari suka tsiro can ciki kamar ciyawa, jininsu ne zaren da kike gani. Zan ƙona gefe-gefen idon da haske don su daina tsirowa. Tsakiya za ta tsira. Amma ganin gefe zai ragu, kuma wuri mai duhu zai ba ki wahala."

"Ɗana, ka taɓa shiga kogo?"

"A'a, Mama."

"Na ga alama."

Ta koma gida ta yi ta jan ƙafa kan zuwa a yi mata aikin. Ba makanta take tsoro ba kamar a zaunar da ita a tsakar gida, hannu ba aiki, tana jiyo dariyar mata daga ƙarƙashin ƙasa. Sai da ta wayi gari idon hagu ya cika da jan hazo, sannan ta ɗaura mayafi ta koma wurin likita, ba wanda ya roƙe ta.

Aka ɗora haɓarta a kan wani ƙarfe. Koren haske ya yi ta walƙiya, zafin yana ratsawa har ƙeya, hawaye na zuba. Yatsunta kuwa suna ta motsi a cinya kamar suna saƙa.

Ranar da ta koma kogon, da lalube ta sauka. Ta zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta ɗauki malafar. Ga ta nan tas, kowane sili a wurinsa. Daɗi ya kama ta, hannu ya kama aiki, baki ya buɗe. Ta shiga ba da labarin likitan da bai san kogo ba, tana kwaikwayon muryarsa. Ta kai ƙarshe, shiru. Damanta ba kowa, sai duhu.

"Fidencia ta fita ne?"

"Ina nan, uwar surutu. Tun ɗazu nake gyaɗa miki kai."

Eulogia ta tsayar da saƙa. Ta ajiye malafar a tsakiyar layi, abin da masaƙiyar kirki ba ta yi, ta juya kanta gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta gani, kumatu sun faɗa, wuya duk jijiya, haƙoran gaba sun tafi. Tausayi ya kama ta.

"Fidencia, yaushe kika tsufa haka?"

"Tun tuni, 'yar'uwa. Ke ce ba ki taɓa juyowa ba."

Eulogia ba ta sake ɗaukar malafar ba ranar nan.