Firjin Mota da Nonon Hanne

Har gobe ban manta da ranar da na shimfiɗa mayafina a ƙasan wani shagon kayan sanyi a unguwar Zahir ta Makka na kwanta ba, ni da furfurata, maza na kewaye ni suna wucewa. Ku da kuka shigo aikin gida a bayanmu kuna jin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙara masa, har da masu cewa aljanuna ne suka tashi. To ga shi daga bakin mai shi.

A shekarar 2016 ne, bayan ƙaramar Salla, zafin Makka na cin mutum da rai. Ina aiki a unguwar Hindawiyya a gidan Abu Yasir, shi ne kafilina, wato wanda takardar zamana a ƙasar nan take da sunansa. A irin gidajen nan aiki hawa-hawa ne. Akwai shaggala mai shara da wanki, akwai direba, sannan akwai tabbaka mai girki. Ni Gambo tabbaka ce, kuma ba a taɓa dawo min da kwano da saura a ciki ba. Amma da tsufa ya kama mahaifiyar maigidan, wadda duk gidan ke kira Sitti, sai kula da ita ya dawo wuyana. Bahaushiya ce, tana yarinya iyayenta suka zo da ita. Da hankalinta ya fara gushewa sai Larabcin ya zube mata, Hausa kaɗai ta rage, 'ya'yanta kuwa Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa ba. Abinci kuma ta rufe baki, ba ta karɓar komai sai fura da nono daga hannuna.

Nonon nan shi ne maganar. Wanda bai sani ba, kindirmo ba ya kwana da kansa, sai an ɗiga wa sabuwar madara ɗan tsohon nono, shi muke kira iri. Irin da nake da shi ba na kanti ba ne. Ƙanwata Hanne ce ta aiko min da shi daga ƙauyenmu a ƙasar Daura, ta hannun wata mata da ta zo Umara, a cikin 'yar roba, an daskarar da shi an naɗe da tsumma. Na bar Hanne tana amarya. Yau aiki, gobe takarda, jibi wani dalilin, ban koma ba har ta yi jikoki. Shekara na zagayowa da aiken nan ta rasu, a waya na ji. Tun daga nan nake raya irin nan, in ɗebi na jiya in zuba a na yau, ban taɓa bari ya yanke ba. Sau ɗaya na sam ma wata maƙwabciya, ta je ta gauraya shi da laban, wato nonon kwali na nan. Ban ƙara ba kowa ba.

To sai rusau ya iso layinmu. Aka shafa wa bangon gidanmu jan fenti, maƙwabta suka watse, kowa ya kama gabansa. Sabon gidan da Abu Yasir ke ginawa bai ƙaru ba, ga motocin rushe gini suna gurnani tun safe. Sitti in ta ji ƙarar inji sai ta ƙanƙame ni tana rawar jiki, tana cewa, “Sun zo? Gambo, sun zo?” Barci ya ƙaurace mata, ta rame kamar sillen kara. Shi ne Abu Yasir ya sayi wata doguwar mota aka cire kujerun baya, aka sa gado da murhu da tankin ruwa, irin wadda suke kira karafan. Niyyarsa ya hau da uwarsa kan duwatsun Ɗa'ifa da gaba da nan, inda ake sanyi, mu zauna har gida ya ƙaru. Mu uku za mu tafi, shi da ita da ni, iyalinsa suna gidan surukansa. Abin da ya rage a motar firji ne.

Muka je shagon tare, don ni ce mai kicin. Mai haɗa musu kaya wani magidanci ne ɗan Maraɗi, Iliyasu, ya daɗe yana aikin sanyi a Makka. Ya jera mana firji kala uku, yana yi wa Abu Yasir Larabci yana juyo min da Hausa.

Na farko mai fanka ne. Iliyasu ya ce, “Wannan, Inna, rage zafi kawai yake yi. In waje ya yi wuta, ciki ya yi ɗumi. Na ruwan sha ne.” Na biyu mai aiki da gas, ba ya ko tari, sai dai yana son mota ta tsaya daidai kamar faranti. In ta karkata sanyin ya tsaya, in rana ta ƙwalle kuma ya gaza. Na uku mai kwamfireso, wato mai ɗan inji irin na firjin gida, sai dai da batirin mota yake aiki. Hawa da gangara duk ɗaya ne a wurinsa, zafi ba ya kayar da shi, kuma yana yi yana hutawa, ba ya shanye batir. Aibinsa ɗaya, yana da murya.

Abu Yasir na jin haka ya dafa mai gas ya ce, “Khalas, shi ke nan, wannan. Ummi ba ta son ƙara.”

Na san hanyar dutse, na san babu inda mota za ta tsaya daidai a can. Na ce, “Abu Yasir, nonona ba zai kai ba.”

Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, “Khala Gambo, laban akwai kowane bagala. Ya lalace, mu sayi wani.” Bagala shi ne kantin unguwa.

Ban ga laifinsa ba, uwarsa yake ji. Amma maganar ta soke ni. Ni da ban saba roƙo ba, a gaban baƙo na buɗe baki na gaya masa na wane ne nonon, da inda mai shi take yanzu. Ya juya makullin mota a hannu. Can ya ce, “Tayyib. Ki zaɓa. Amma in Ummi ba ta yi barci ba, a mayar.” Na ce na yarda, kuma har zuciyata na yarda. Amanar mai rai tana gaba.

Masu kwamfireso sun fi biyar a shagon. Iliyasu ya kunna min ɗaya, na tsaya a kansa, ban ji komai ba. Amma wanda ke tsaye da wanda ke kwance ba kunne ɗaya gare su ba. Sitti a kwance za ta ji shi, a cikin mota, ƙarfe na kai mata sauti har ƙashi. Shi ya sa na warware mayafina na shimfiɗa, na sa kaina dab da firjin.

Iliyasu ya riƙe baki. “Inna, in barci kike ji ga masallaci can.”

Na ce, “Kai ɗan Maraɗi, aikinka sanyi ko surutu? Kashe ka sake kunnawa.”

Na yi jinyar tsofaffi, na san abin da ke tayar da su. Ba gurnani mai tafiya a jere ba ne, wannan har rarrashi yake yi. Zaburar farko ce, lokacin da inji ya ce ƙwas ya girgiza. Saboda haka kowane firji sai na sa an kashe shi, a jira, a tayar. Wani ya yi tsalle kamar an tsikari jaki. Wani ya tashi lafiya, amma in zai tsaya sai ya yi kakari. Abu Yasir ya koma bakin ƙofa ya juya baya yana danna waya, kunya ta ishe shi. Mai shagon ma ya leƙo yana tambayar ko a kira motar asibiti.

Can kusan ƙarshe aka kunna wani mai kama da akwati, murfinsa a sama. Wannan a hankali yake ɗaukowa, kamar mai jan numfashi, ya yi ta yi ƙasa-ƙasa, ya sauke a hankali. Na sa aka maimaita. Na tashi na kaɗe mayafina na ce shi ne. Iliyasu ya ce na dace, domin mai murfi a sama ko an buɗe shi sanyin ba ya zubewa, kuma yana da dabarar kashe kansa in batir ya yi ƙasa, don kada mota ta ƙi tashi a daji. Ya ba Abu Yasir shawara a sa masa batir na biyu nasa shi kaɗai, da waya mai kauri. Aka yi haka.

Washegari da azahar, lokacin ƙailula, muka gwada. Motar na ƙofar gida, masu rusau sun tafi cin abinci. Mai ƙera gadon ya bar wa firji gurbi a ƙarƙashinsa, nan Iliyasu ya sa shi. Na kwantar da Sitti ina mata fifita har idonta ya rufe. Muna zaune shiru sai firjin ya ɗauko. Ni da ƙyar na ji shi, amma katakon gadon ya kai mata. Ta buɗe ido ta damƙi hannuna.

“Sun zo?”

Abu Yasir ya dube ni. Na ji kamar yau aka yi min wayar rasuwar Hanne. Na ce, “Iliyasu, ko a lulluɓe shi da bargo?”

Ya ce, “Inna, ki toshe masa hanci? Zafin da ya kwaso daga ciki ta ina zai fitar? Kwana kaɗan zai ƙone. Ba firjin ba ne, gadon ne ya zama ganga. A ba ni zuwa gobe.”

Abu Yasir ya ce, “Gobe kawai.”

Iliyasu ya cire shi daga ƙarƙashin gado ya kai shi can gaba, bayan kujerar direba. Ya yanka roba mai kauri ya sa masa a ƙafafu, ya ɗaure shi da igiyar mota, ya bar masa tazarar tafin hannu ta bayansa don iska. Ni kuma na ɗauko katifata na shimfiɗa a tsakani, kaina wajen firji, ƙafafuna wajen gadon Sitti. Na ce duk abin da zai je mata sai ya bi ta kaina.

Da azahar ta sake yi muka kwantar da ita. Firji ya ɗauko, ina jin sa a ƙeyata. Na zuba wa fuskarta ido. Ya yi aikinsa ya sauke, ya sake ɗaukowa. Bakinta a buɗe, tana jan minsharinta siriri. Abu Yasir ya fita daga motar a hankali da takalmansa a hannu. Ta taga na hango shi yana rungume Iliyasu.

Haka muka hau dutse. Hanyar tana murɗewa kamar igiya, motar ta karkata nan ta karkata can, ni kuwa hannuna na kan murfin firji. Inda duk muka yada zango, ko a gangare ne, in na buɗe sai in tarar da robar Hanne da raɓa a jikinta. Duk zaman da muka yi a can da numfashin firjin nan nake kwana nake tashi. In ya ɗauko sai in ce a raina, Hanne tana nan.

A wani ƙauye can kudu da Ɗa'ifa muka daɗe. Wata safiya hazo ya sauko, na ji kukan saniya. Na ɗauka kunnena ne. Na bi sautin har wani gida na dutse, na tarar da wata dattijuwa tana tatsa. Larabcinsu na can ba irin namu na Makka ba ne, amma na miƙa kwano ta gane. Ku sani, tun da irin nan ya zo hannuna madarar gari da ta kwali kawai ya sani. Ran nan na dafa madarar saniya da ɗuminta, na bari ta huce, na ɗiga mata irin Hanne, na rufe.

Da gari ya waye na buɗe. Ya kwanta lub, da maiƙo rawaya a sama. Na sa ludayi na kai baki. Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ga tsakar gidanmu, ga inuwar durumi, ga Hanne da ɗan zanenta tana lashe bayan ludayi, innarmu na yi mata tsawa. Duk shekarun da na yi ina cewa nonon gida nake sha, ashe inuwarsa nake sha. Na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka yi min waya, don ran nan akwai baƙi a gidan, tukwane na kan wuta.

Na dama wa Sitti fura da shi. Ta shanye, ta miƙo kwanon ta ce, “Ƙaro.” Rabon da ta nemi ƙari har na manta. Ta rasu bayan mun dawo sabon gida, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Hanne. Irin kuwa yana nan, jiya ma na juya shi.

Abin da wannan aiki ya koya min, in za ku sayi injin da mutum zai kwana kusa da shi, kada ku saurare shi a tsaye, kuma kada ku saurare shi yana tsakiyar aiki. Ku kwanta inda mai shi zai kwanta, ku ji tashinsa da tsayawarsa. Na biyu kuma game da mu ne masu aikin gidajen mutane. Tukunyar da muke girki ta wani ce, ɗakin da muke kwana na wani ne, takardar zamanmu ma da sunan wani take. Amma kowace cikinmu tana da ɗan abu guda da yake nata, wanda ta baro gida da shi ko gida ya biyo ta da shi. In kun ga tsohuwa ta kafe a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kada ku yi saurin cewa rigimar tsufa ce. Ku fara tambayarta wa ya ba ta.