Makullin Ɗaki Na Tara

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Maris, Allah Ya karɓi ranki, Gwaggo, kina da shekara saba'in da tara.

Shekara talatin da ɗaya kika yi kina wanki da guga a tsohon otel ɗin bakin tasha, wanda yau ake kira gidan tarihi. Direbobi sun san ki. Wanda ya sauka da zazzaɓi ke ce mai kai masa ruwan zafi, ki wanke masa riga, ki ɗinke maɓallin da ya tsinke tun bai roƙa ba. Ni ma a ɗakin gugarki na girma, cikin ƙamshin sabulu da hayaƙin gawayi.

Da mai otel ya rasu, autansa ya kawo motar rusau. Kowa ya kwashe komatsansa ya fita, ke kuwa kika hau bene kika kulle kanki a ɗaki na tara. Kwana uku kina leƙowa ta taga kina cewa, "Ku rushe da ni a ciki." Sai da gari ya taru, hukuma ta sa baki, ginin ya tsira.

Yau sunan Auta ne a allon bakin ƙofa, wai shi ya ceci gadon mahaifinsa. Ranar buɗe gidan tarihin kin ɗaura zanenki na ƙasan akwati, muka tafi tare. Ya dube ki a gaban baƙi ya ce, "Baba mai wanki, ai kin san ƙofar baya." Kika juya gida. Daga baya kin ce kin yafe. Ni ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗi.

A bayan kantar karɓar baƙi akwai katakon makullai: ƙusa goma sha biyu, makulli goma sha ɗaya, babu na ɗaki na tara. In baƙi sun tambaya, sai Auta ya ce wata ma'aikaciya ce ta sace. Jiya ya zo gaisuwa, ya zabga doguwar addu'a, sannan ya matso ya rage murya.

"Malama, ko marigayiya ta bar wani makulli?"

Na ce, "Ta bari, ranka ya daɗe. Ga shi a wuyana."

Kowace Asabar zan sayi tikiti kamar kowa, in shiga ta ƙofar gaba, in tsaya gaban katakon nan in faɗa wa duk baƙon da ya zo wa ya kawo motar rusau, wa ya tare ta. Ba zan daina ba sai jikokinsa sun ji labarin a bakin abokan makarantarsu.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba mijinki Kawu da 'ya'yanki haƙurin rashinki. Ƙusar nan kuwa haka za ta zauna wayam, har ranar da aka rubuta sunanki a ƙarƙashinta.