Na Hana a Kira Shaidu, Na Ce Kwamfuta Ta Isa

Edita, a ba ni fili in amayar da abin da ke cina, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, don a yankinmu na Bukkuyum duk wanda ya ji labarin nan ya san gidan da ake nufi.

A lokacin ni malamin firamare ne, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta hannu ce, a Gummi na saye ta, batirinta ba ya kai awa guda, amma yadda nake rataya jakarta a kafaɗa sai ka rantse sirrin gwamnati ne a ciki. Ni nake buga jarrabawar makarantarmu, ni nake jera sakamakon yara. Mutane suka fara kirana mai na'ura, kaina ya kumbura. Na kai matsayin da in dattijo ya buɗe baki zai ba da tarihi, sai in ji kamar ɓata mini lokaci yake yi.

Mahaifinmu yana da gona wadda suka raba da ƙaninsa tun rasuwar kakanmu. Babu takarda, babu shinge. Iyakar a kan mutane take: daga wata tsamiya a bi tsohon layin gamba, a sauka kwazazzabo, a tsallake shi zuwa wani dutse. Ƙanin nasa ya riga shi rasuwa, ya bar ɗa namiji guda, wanda ba ma ga maciji da shi. Da ciwo ya tsananta wa Baba bayan girbi, sai ya kira ni ya ce in je in gaya wa dattawa uku, liman da maƙwabtanmu na gona biyu, su fito gobe da hantsi a zaga iyaka, a kira ɗan ƙanin nasa shi ma ya tsaya. Haka ake yi a wurinmu idan mai gona ya ji jikinsa ba daidai ba. Shi ya nuna, shaidu su gani, magana ta zauna.

Ni kuwa, da bakina, na ce me za a yi da tsofaffi. Na ce ɗayansu ba ya gani sosai, ɗayan yau lafiya gobe ciwo, dukansu sun fi kusa da kabari a kan gona. Na ce waya ba ta mantuwa, ba ta mutuwa, kuma ba a ba ta goro ta sauya magana. Baba ya ce shi bai san wanga abu ba, amma tun da ni na yi boko, to. Inna daga bakin murhu ta ce in dai je in kira su, me zai ragu a jikina. Na ce mata ta bar mini wannan, ba fanninta ba ne. Har yau in na tuna yadda na faɗa mata haka sai in ji kamar in mari kaina.

Washegari na ɗauki Baba a babur, mu biyu kawai. Na riƙe waya ina ɗaukarsa bidiyo. Ya dafa tsamiyar ya ce daga nan ne. Ya bi layin gamban da sandarsa yana tari, na riƙe shi muka sauka kwazazzabon, ya nuna dutsen da shi da ƙaninsa suka mirgino da hannunsu suka ajiye. Har dariya ya yi, yana ba da labarin yadda ƙanin ya zame ya faɗa cikin laka a ranar. Da muka dawo na tura bidiyon cikin kwamfuta, na goge na wayar saboda ta cika. Abokan aikina sukan ari kwamfutar su goge mini abubuwa bisa kuskure, don haka na yi dabara. Na cusa ainihin bidiyon can cikin foldodin manhajar kwamfutar inda babu mai leƙawa, a kan fuskarta kuma na bar 'yar alama mai kai mutum wurinsa, na sa mata suna Iyaka. Ban sa a filashi ba, ban tura wa ƙannena ba. Na kwanta ina jin babu mai wayona a ƙasar Zamfara.

Baba ya rasu kafin damina. Bayan 'yan watanni kwamfutar ta fara nauyi, sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Na kai ta wurin wani mai gyara a Gummi. Ya ce in bar ta in dawo bayan la'asar. Ko tambaya ɗaya bai yi mini ba. Da na dawo na same ta tana gudu, takardun jarrabawata suna nan a kan fuska, ga Iyaka a inda na bar ta. Har yana yi mini gori wai ya cika mini ita da finafinai kyauta. Na yi masa godiya. Ban danna alamar ba, don a lokacin zuciyata ba za ta iya ganin fuskar Baba ba, na ce sai na ƙara ƙarfi.

Shekara ta zagayo, 'yan haƙar zinari suka gano akwai abu a kwazazzabon nan. Ɗan baffan nawa ya kawo su da kansa, ya ce musu duk wurin nasa ne har bakin tsamiya. Kafin mu farga sun tona ramuka a inda Inna take shuka kuɓewa da yakuwa, sun kafa injin niƙan dutse. Mu da muka ga yadda ƙurar dalma ta niƙan dutsen zinari ta kashe yara a garin Yargalma, ga ta an kawo mana har gona. Na kai ƙara wurin hakimi. Ƙannena suka tayar da hankali, na ce kowa ya kwantar, Baba da kansa zai yi magana a gaban hakimi.

Ranar zama na cika batir, na sa babbar riga, na shiga da jakata. Zaure ya cika, dattawan nan uku suna zaune a gefe. Na buɗe kwamfuta a gaban hakimi, na juya ta yadda kowa zai gani, na danna Iyaka. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu cewa abin da ake nema babu shi. Na sake dannawa. Na shiga foldar da na ɓoye shi, babu ko foldar. Alamar nan ta zama kamar ƙofar zaure da aka rushe gidan da ke bayanta. Ɗan baffana yana ta gyara hula yana murmushi. Hakimi ya jira ni har ya gaji, sannan ya tambaya ko ina da shaidu.

Liman ne ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce marigayi ya gaya masa a masallaci cewa zai aiko ɗansa ya kira shi zagayen iyaka. Ya ce ranar ya zauna a ƙofar gidansa da sandarsa tun hantsi har azahar, babu wanda ya zo, sai dai ya ga wucewarmu a babur. Ya ce yana kyautata zaton gaskiya tana wurinmu, amma ba zai shaidi abin da idonsa bai gani ba. Sauran biyun suka ce haka ne. Ni na kawo ƙara, ni ba ni da shaida. Aka ba ɗan baffana rantsuwa, ya rantse ko gezau bai yi ba, aka tashi.

Ban tsaya gida ba, na wuce Gummi. Mai gyaran ko ɗago kai bai yi ba daga wayar da yake liƙa. Ya ce fomatin ya yi mata, wato ya goge komai ya sake ɗora manhaja, ya kwashe abin da ya gani a kan fuska ya mayar, kowa ya san haka ake yi, me ya hana in gaya masa ina da ajiya. Na ce shi me ya hana ya tambaya. Ya ce in yana tambayar kowa ba zai yi aiki ba. Na kai ta wurin wani wanda ya fi shi sani, ya bincika ya ce da a ranar na zo da an iya ceto wani abu, amma finafinan da aka loda sun hau kan wurin sun danne shi. Finafinan banza da ban taɓa roƙa ba, su aka zuba a kan mahaifina.

Ina jin haushin mai gyaran nan, kuma ban yafe masa halin ko-in-kula ba. Ina jin haushin ɗan baffana da ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani alhali ya san dutsen da ubansa ya mirgino. Amma wanda na fi jin haushi shi ne ni. Baba ya san abin da yake yi, Inna ta san abin da take faɗa, ni da na ɗauka na fi kowa sani na tsaya tsakanin mutum mai shirin barin duniya da shaidunsa. Gidan liman bai kai tafiyar minti biyar daga namu ba.

Don haka masu karatu, musamman mu da muka ɗan taɓa boko, abin da ke wuri ɗaya a na'ura ku ɗauka ba ku da shi. Ku ajiye a filashi, ku tura wa 'yan'uwa, kuma kada ku miƙa wa mai gyara kwamfuta sai kun kwashe kayanku, in ya dawo da ita ku buɗe komai a gabansa. Fiye da duka, in babba ya ce a kira mutane, ku tashi ku kira su. A ɗauki bidiyon, amma da shaidu a cikinsa.

Ranar da na dawo daga Gummi na durƙusa gaban Inna ina ba ta haƙuri a kan gonar. Ta ce in bar zancen gona, ƙasa ta Allah ce. Ta ce ita dai tun da aka yi rasuwar take jin nauyin tambayata, amma tun da yanzu shari'a ta wuce, in kunna mata wurin nan da na ce malam, wato Baba, ya yi dariya, ta gan shi ko sau ɗaya. Ashe duk bayanin da na yi mata ba ta gane cewa har da shi aka goge ba. Sai da na sake faɗa mata da bakina.