Kanwa a Cikin Injin Jirgi

Ana sallame sallar Asuba muka bar Tambuwal, ni da Inna da ƙanena, a bayan motar gyaɗa. Saƙo ne ya zo cewa Kawu, yayan Inna, yana kwance rai a hannun Allah a wani ƙauye gaba da Kebbe. Sun daɗe ba sa ga-maciji da juna saboda gonar gado, Inna kuwa ta ce lallai sai ta nemi gafararsa da bakinta.

Damina ta cinye hanya. Muna wuce Jabo motar ta kafe a taɓo, muka ƙarasa bakin gulbi a kan jakuna. A nan muka ga abin da ake ta ba da labari: jirgin ruwa mai inji, wanda wani mai shanu ya saya a hannun Turawa. Direbansa tsohon soja ne, a wurin yaƙi ya koyo inji. Muka sayi gasasshen kifi, araha kamar kyauta, muka shiga.

Ba mu yi nisa ba injin ya fara tari, ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Direba ya kashe shi, aka tura mu gaɓa da gora. Da ya huce, ya buɗe inda ake zuba ruwan da ke sanyaya shi, sai ga abu fari da kauri kamar kunu.

"Mi kaz zuba mai?" ya tambayi mai jirgin.

"Kanwa ta, awa yadda nika ba shanuna. Na ga ƙarfinai ya ragu, nic ce ta wanke mai ciki."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, sai na dubi fuskar Inna. Bawan Allah bai yi da mugunta ba, yadda yake kula da dukiyarsa ke nan. Amma tsakuwar kanwar ta toshe hanyoyin ruwan. Direba ya ce ruwan gulbi laka ne, na rijiyoyin yankin kuma yana barin ɓawo a cikin ƙarfe, ruwan sama kaɗai ya yarda da shi. Muka bi gida-gida a wani ƙauye muna roƙon wanda mata suka tara a randa. Ba wadda ta hana mu, wata ma har da fura ta haɗa mana. Direba ya yi ta ɗauraye injin har ruwa ya fito garau, sannan ya tace sabo da ƙyalle ya cika. Inna na zaune tana jan carbi.

Mun isa bayan La'asar. Tun daga nesa muka hango mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Bayan sadakar uku muka dawo gida. Na dai koyo cewa inji ba saniya ba ne, amma raina bai huce ba, duk wanda ya zo gaisuwa sai na tsine wa mai jirgin a gabansa. Ran nan Inna ta katse ni.

"Ƙyale shi, yaro. Shi wuni guda yac ci muna. Rani nawa anka yi hanya na bushe, wa yah hana ni zuwa?"